Ranar da Na Kasa Kiran Sunanka

Nu'aija, Doha.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa tafiyar nan taka ta zama ta alheri, ya tsare ka a sama da ƙasa, ya sauke ka lafiya a Kanada, ya haɗa ka da mutanen kirki a makaranta da masauki. Ga ni a falo ina rubutu, kai kuma kana ɗaki kuna gardama da Ummanku a kan ko kilishi zai wuce hannun jami'an filin jirgi. Ba zai wuce ba, amma ban sa baki ba, don na san wanda zai ci shi in an bar shi a gida.

Na san ka lura ban rubuta sunanka a sama ba. Ba za ka yi mamaki ba, tunda shekara goma sha takwas ke nan ba ka taɓa jin sa daga bakina ba. To, maganar da ta sa na ɗauki biro ke nan. Ba labarin gida zan ba ka ba, kana cikinsa. Kurakuraina zan faɗa maka, waɗanda na yi a tafiyarmu ta Ajantina da kafinta, domin akwai wata ƙarya da na yi maka a kan dutse, kuma ba na so ka hau jirgi gobe tana nan yadda na bar ta.

Bari in faro daga lokacin kullen korona. Ka tuna yadda muka zauna mu huɗu, ni da Ummanku da kai da ƙanwarka Hanifa, a gidan nan kamar kaji a akurki, ba makaranta, ba masallaci, ofishinmu na West Bay ya dawo kan teburin ɗakina. Wata rana bayan azahar ina cikin taron aiki ta kwamfuta, na kashe makirufo, sai na jiyo muryarka daga kicin.

Ka ce, "Umma, wai me na yi wa Baba?"

Ta ce, "Kamar yaya?"

"Hanifa, Hanifa, sau ashirin a wuni. Ni kuwa sai kai. Kai zo nan, kai miƙo wancan. Ko direban tasi Baba yana tambayar sunansa."

"Kunya ce ta ɗan fari. Haka ake yi a gida."

"Kunyar me? Ni abin kunya ne?"

Duka na ji. Tsakanin kujerata da ƙofar kicin bai kai taku goma ba, amma ban tashi ba. Na kunna makirufo na ci gaba da maganar bututun gas kamar ba abin da ya faru, alhali zuciyata ta yi nauyi. Da muka zauna cin abinci na gan ka kana kallon masu zamiya a kan dusar ƙanƙara a waya, kamar yadda ka saba a lokacin, sai na ji bakina ya ce, "In Allah ya yaye mana annobar nan zan kai ka ka yi sulun Turawan nan." Ka ɗago ka dube ni, fuskarka ta washe, ni kuma na ji sauƙi kamar na amsa tambayarka.

Ban amsa ba. Ka yi tambaya, na ba ka kyauta. Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Ɗana, in wani naka ya kawo maka magana mai ciwo, ka amsa maganar da kanta. Kada ka rufe bakinsa da alheri don ka huta. Zai karɓa, zai yi godiya ma, amma tambayar tana nan a ransa.

Amsar da ya kamata in ba ka ran nan ga ta. Ni ma ɗan fari ne. Kakanka, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Ubangiji bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanena, "Kira mini wancan." Ban taɓa jin haushi ba, domin a Malumfashi kowa ya san ma'anar hakan. Kakata takan ce mini, "Ba ka ga ko kallonka ba ya iya yi ba? Ji da kai ne." Mai shayin bakin layi ya sani, abokaina 'yan fari duk haka ake yi musu. Uba ya yi shiru, gari ya yi masa bayani. Ni sai na ɗauko shirun na kawo shi Doha, na manta ban taho da garin ba. Ka tashi kana ganin iyayen abokanka 'yan Sudan da 'yan Indiya suna kiran sunayensu a bakin makaranta, suna rungumarsu a gaban jama'a, kai kuma naka uban yana tsaye jikin mota yana yi maka alama da hannu. Ba ka da wanda zai fassara maka. Laifin nawa ne, ba naka ba.

Da annoba ta lafa, ni har na fara fatan ka manta da alkawarin. Ba ka manta ba. Ana saura 'yan watanni a fara gasar cin kofin duniya aka ce mana a wurin aiki duk mai son hutu ya ɗauka tun yanzu, sai ka zo ka tsaya a kaina. Na ce maka, "Kai, yanzu fa tsakiyar zafi ne. In ka fito daga mota tabarau ɗinka ma gumi yake yi. Ina za ka samo ƙanƙara?" Ka juyo mini da taswira ka ce, "Baba, a kudancin duniya yanzu ake hunturu." Na san haka tun ina sakandare, kawai dai ban zaci za a yi amfani da shi a kaina ba. Ummanku ta yi dariya ta ce, "Khalas, shi ke nan, an kama ka." Haka muka yi ta zirga-zirgar biza, muka kwashe kusan kwana biyu a hanya, muka sauka a wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Ajantina.

A nan na fara nuna hali. Ka ce mu sayi kayan sanyi irin nasu, na ce ni da na yi hidimar ƙasa a Jos wa zai koya mini sanyi? Na tafi da suwaita biyu da hular sanyi irin ta masu shayi. Muna fitowa daga filin jirgi iska ta buge ni, na ji sanyin har cikin haƙorana. Sai na tambaye ka a hankali ko shagon da ka ambata yana da nisa.

Ranar kuma da muka isa masauki rana na tsaka, na duba inda ta karkata na yanke alƙibla da kaina. Ka ce wayarka ta nuna akasin haka, na ce waya ba ta fi ni sanin gabas ba. Sai washegari da na ga rana ta fito ta bayan ƙeyarmu na tuna cewa a can rana arewa take karkata, ba kudu ba kamar yadda na saba. Salla biyar na ja ka muna fuskantar yamma. Muka sake su, na ce ka shiga gaba ka ja mu. Wallahi na ji daɗin karatunka ran nan, ban dai faɗa maka ba. Inda za ka je ma rana za ta yi maka abin da ba ka saba gani ba, wuni ya gajarce, dare ya yi tsawo. Ka riƙe sallarka, ka tambayi mutanen wurin lokuta da alƙibla tun ranar farko, kada ka tsaya lissafi irin na babanka.

Sai maganar koyon zamiyar. Aka ɗaura mana allunan nan dogaye a ƙafa, aka ba mu sanduna da hular kwano, aka nuna mana ajin masu koyo. Da na leƙa na ga duk yara ne waɗanda ba su wuce ƙuguna ba, na ce ba da ni ba. Ni da nake da injiniyoyi a ƙarƙashina? Na ce maka ai abin lissafi ne kawai, nauyi da gangare. Kai ka shiga ajin ba tare da wata damuwa ba, ni na ja gefe don in koya wa kaina. Ban yi taku biyar ba na tsinci kaina a kwance, ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, sanduna sun yi nasu wuri. Ka zo ka miƙo mini hannu, na ce, "Bari, zan tashi." Na yunƙura na koma. Na sake yunƙurawa na sake komawa. Yaran nan suka zo suka wuce ni a jere bayan malamarsu kamar 'ya'yan agwagwa, ta ƙarshensu har tana ɗaga mini hannu. Kai kuwa kana tsaye, hannunka yana nan a miƙe, kana cije leɓe don kada ka yi dariya.

Daga ƙarshe na kama. Rabon da in riƙe hannunka tun kana koyon tafiya, shi ma a ɓoye in ba kowa a ɗakin. Na ji ya fi nawa ƙarfi, ka ɗaga ni cak. Da la'asar ina cikin ajin yara ina koyon yadda ake haɗa kan alluna a tsaya, kuma ban mutu ba. Abin da zan ce maka a nan gajere ne. In ba ka san abu ba ka ce ban sani ba tun da wuri, ka zauna a ajin da ya dace da kai ko da 'yan ajin ƙannenka ne. In kuma ka faɗi aka miƙo maka hannu, ka kama a karo na farko, ƙasa tana da sanyi.

Kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗin da na yi a rayuwata, ina so ka san wannan. Hawan kujerun nan da ke rataye a jikin waya suna haurawa da mu saman dutse, ƙafafunmu na lilo, ko'ina fari fat, ba ƙarar mota, ba wayar ofis. Koko mai zafi da muke sha a rumfar katako, kana gyara mini yadda ake cewa na gode da harshensu. A kan kujerar nan ka gaya mini abin da kake so ka karanta da dalilinka, na gane ashe ina zaune gida ɗaya da babban mutum ban sani ba.

Yanzu ga abin da na daɗe ina kewaye-kewaye don kada in iso gare shi.

Rana ta huɗu, malamar ta ce mun isa mu hau sama kaɗan mu sauko da kanmu. A can akwai inda hanya ta rabu biyu. Ta hagu mai alamar kore ta masu koyo ce, ta dama mai baƙar alama ta ƙwararru ce, gangarenta kamar bango. Gajimare ya sauko ya fara rufe dutsen. Kana gabana da 'yar tazara cikin jar rigarka, kana tafiya kana waiwaye don ka tabbatar ban faɗi ba. Waiwayen nan ne ya sa ba ka ga allon ba. Ni na gani. Na ga allunanka sun karkata dama.

Na ɗaga murya na ce, "Kai! Kai!"

Wa zai juyo? Akwai mutane da yawa a wurin, kowa kansa cikin hular kwano, iska na kaɗawa, kuma a kan dutsen nan kowa ma kai ne. Sunanka kaɗai zai ratsa hular nan ya isa kunnenka, na sani a lokacin. Yana kan harshena. Wallahi yana kan harshena, amma bakina ya ƙi buɗewa, kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Ban fi ƙiftawar ido uku ina wannan jinkirin ba. Kafin in shawo kan kaina ka riga ka gangara, gajimare ya haɗiye jar rigar.

Ban san yadda na sauko ba. Rabi da ƙafa, rabi da mazaunai. Na isa rumfar masu aikin ceto ina haki, na gaya wa wani mai gemu da ke riƙe da oba-oba cewa ɗana ya bi baƙar hanya kuma kwanansa huɗu da fara koyo. Ya ce, "Sunansa?" Sai ga ni ina laluben aljihun ciki. Ka san halina, a asibiti, a makaranta, a kowane ofishi na Doha, in an tambayi sunanka katinka nake miƙawa. Ga safar hannu, ga zip ya ƙi buɗuwa, ga yatsu sun sandare. Mutumin ya dafa hannuna ya ce, "Malam, ba kati nake nema ba. Faɗa mini sunan."

Na faɗa. Sau biyu ma, don bai ji na farko ba.

Ya sanar da abokan aikinsa, aka kuma kira ka ta lasifika. Na tsaya ina jin sunanka yana yawo a kan duwatsu daga bakin baƙo, ina ta salati, ina cewa a raina in wani abu ya same ka, me zan gaya wa Ummanku? In ce na gani, kuma kunya ta hana ni magana? Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rabin awar ba, kuma ban taɓa raina kaina kamar haka ba.

Sai ga ka nan kana saukowa a ƙafa tare da ɗaya daga cikin masu ceton, allunanka a kafaɗa, ƙanƙara har a gira, kana washe baki. Ka faɗi tun a farkon gangaren, ka yi hankali ka kwance allunan ka bi gefe. Ka ce, "Baba, ka ga inda na biyo kuwa?" Ni kuwa sai duba hannuwanka da ƙafafunka nake yi. Da muka zauna shan koko ka dube ni ka ce, "Na ji suna kirana a lasifika. Wa ya ba su sunana?"

Na ga yadda ka yi tambayar. Na ga abin da kake jira. Na kawar da kai na ce, "Katinka na nuna musu."

Ka ce, "Oho," ka ci gaba da juya cokali.

Ƙaryar ke nan. Katin bai fito daga aljihuna ba. Da bakina na faɗa, kuma da na faɗa tun a saman dutse da ba ka bi hanyar nan ba. Abu biyu na ɓoye maka a jumla ɗaya, cewa ni na jefa ka cikin haɗari da shiruna, da kuma cewa na iya faɗar sunan. Ka yafe mini.

Kada ka ɗauka daga nan na shiryu. Lokacin gasar, ranar da muka fita da kai da Hanifa bayan la'asar, ka sa rigar Ajantina ka shige cikin dubban masu irinta a tashar jirgin ƙasa, jirgin da za mu hau kuma yana ɗaya gefen. Me na ce? "Kai." Hanifa ce ta kira ka, ka juyo nan take, ta kama hannuna ta ce, "Yalla Baba, mu je." Ba wani haɗari ran nan, sai dai na koma gida ina jin haushin kaina.

Tun daga lokacin na fara gwaji. Kullum in na ajiye mota a ƙasan ginin ofis, kafin in fita sai in faɗi sunan sau uku. Rannan ban lura gilashi a sauke yake ba, sai ga Malam Isa mai gadi, mutumin Gusau ɗin nan da ke aiko mana da gaisuwar salla, ya leƙo ya ce, "Injiniya, lafiya? Wa kake kira?" Na ce masa ɗana. Ya duba bayan motar ya ga ba kowa. Da na yi masa bayani bai yi dariya ba. Ya ce shi ma nasa na farin yana gida, shekara uku rabon da ya gan shi, in sun yi waya sai dai ya ce a ba wancan. Daga nan na fito daga motar, ya ɗaga mini shingen na wuce.

Ba ina ce maka ka zubar da kunya ba ne. Abu ne mai kyau, da ita aka raine ni, kuma ina son ka da ita a gaban manya da malamai da matar da Allah zai ba ka. Amma za ka zauna cikin mutanen da ba su san karatun shirunmu ba. In kana girmama mutum ko kana ƙaunarsa, ka tabbatar ya sani ta hanyar da zai gane. In ka ga abokinka ya nufi hanyar da za ta cuce shi, ka kira shi da sunansa, da ƙarfi, a lokacin, ko da zai ji haushinka. Ka kira Ummanku duk Juma'a, ba saƙo ba, kira, don muryarka take so. In kuma wata rana Allah ya ba ka ɗan fari a wata ƙasa, ka ga dama ka yi masa kunya irin tamu, to ka zaunar da shi ka gaya masa ma'anarta tun yana ƙarami.

Jar rigar tana saman akwatinka, na sa an wanke ta. Ka fito da ita kafin ka sauka daga jirgi, kada ka ce ka san sanyi don ka yi kwana bakwai a Ajantina.

Da na yi niyyar ba Hanifa takardar nan ta miƙa maka, sai na ga wannan ma wani katin ne. Da hannuna zan ba ka bayan magariba. Ba sai ka ce mini komai ba in ka karanta, ni ma ban san inda zan sa idona ba. Amma gobe a filin jirgi, in ka wuce shingen da ba a barin masu rakiya, ka ji an kira ka daga baya da wata murya da ba ta saba ba, ka juyo. Ni ne.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai ka lafiya, ya tsare maka imaninka da lafiyarka, ya ba ka ilimi mai amfani, ya dawo mana da kai muna raye muna masu farin ciki. Ban taɓa jin kunyar kasancewarka ɗana ba ko na rana ɗaya. Ina alfahari da kai, ina kuma ƙaunarka tun ranar da aka miƙo mini kai a zane na kasa ɗaga ido in kalle ka a gaban mutane.

Allah ya yi maka albarka, Nasiru.

Wassalam,
Mahaifinka.